Kuɗin Mamaci a Wasan Kwaikwayon Amurka

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Wasanni biyu zan ɗauka, kuma abin da ya haɗa su shi ne inshorar rai, wato kuɗin da kamfani ke biyan iyali idan maigida ya rasu. A duka biyun, sai uba ya kwanta dama gida ke ganin jari.

Na farko na Arthur Miller ne, Death of a Salesman, na 1949. Willy Loman ɗan talla ne, yana yawo gari-gari da mota har ya haura shekara 60, ya sakankance cewa farin jini shi ne arziki. Kasuwa ta juya masa baya, yana rance dala 50 duk mako wurin maƙwabcinsa, ya kai wa matarsa a matsayin abin da ya samo. Da aka sallame shi sai ya yi lissafi: inshorarsa dala 20,000 ce. Ya halaka kansa da mota don ɗansa Biff ya sami abin juyawa, alhali Biff ya riga ya faɗa masa ba ya son wannan rayuwar.

Na biyun ya fi tsaya mini a rai. Lorraine Hansberry ce ta rubuta A Raisin in the Sun, aka fara nuna shi a 1959, wasa na farko na baƙar mace da ya hau dandalin Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo a New York. Iyalin Younger na zaune a kudancin Chicago, mutum biyar a matsattsen gida, yaro na kwana kan kujerar falo, banɗaki kuwa na haɗaka ne da maƙwabta. Sai ga cek na dala 10,000, kuɗin inshorar maigidan da ya rasu. Uwa, Lena, gida take so. 'Yarta Beneatha na son karatun likita (saurayinta Asagai ma ɗalibi ne daga Nijeriya). Ɗanta Walter Lee, direban wani Bature, shagon giya yake so ya buɗe, uwar kuma mai addini ce, ta ce sam.

Ku lura da rabon. Ta ba da kafin alƙalami na dala 3,500 a kan gida a unguwar fararen fata. Ragowar 6,500 ta damƙa wa Walter, ta ce ya ware 3,000 don karatun ƙanwarsa. Bai ware ko sisi ba. Ya miƙa duka ga abokin harka, shi kuma ya yi layar zana.

Da yawa kan tsine wa Walter a nan. Ni ban cika saurin yin haka ba. Magidanci ne ɗan shekara 35, aikinsa buɗe wa wani ƙofar mota, a gida kuma maganar uwa ce ke ci. Kwaɗayinsa da neman mutuncinsa a cakuɗe suke. Shi ya sa da wakilin fararen unguwar ya zo da tayin kuɗi don kada su tare, Walter ya kusa karɓa, amma a gaban ɗansa ya kasa, ya ce za su shiga gidansu.

Kada ku ɗauka an ƙare da daɗi. Kuɗin karatu sun salwanta, maƙwabta ba sa maraba da su. Hansberry ta san abin da ke jiransu, domin mahaifinta ya sayi gida a irin wannan unguwa a Chicago, aka yi musu jifa ta taga tana yarinya, shari'ar kuma sai da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1940.