Switch: yadda manhaja ke zaɓar hanya ɗaya cikin hanyoyi da yawa

Ku ɗauki misalin wata ƙaramar manhaja ta yankar tikiti a tashar mota a Katsina: mai zuwa Daura ya danna 1, Funtuwa 2, Jibiya 3, Mashi 4. Ana iya yin wannan da if da else if, wato umarnin da ke gwada sharaɗi ɗaya bayan ɗaya, amma da garuruwan sun kai goma sai rubutun ya cakuɗe. A nan switch ke da rana.

Sai ka rubuta switch, ka sa sunan abin da za a gwada a cikin baka, ka buɗe baka mai lanƙwasa. Kowane zaɓi da nasa case: case 1, ɗigo biyu, umarnin buga tikitin Daura, sannan break, wato umarnin fita daga switch. A ƙarshe ka sa default, domin wanda ya danna 9 ya ga saƙon cewa babu wannan gari.

Break ɗin nan shi ne inda sababbin shiga suka fi faɗawa rami. A harsunan rubuta manhaja irin su C da Java da JavaScript, da zarar kwamfuta ta sami case da ya dace, ba ta ƙara gwada komai, sai ta yi ta gangarawa ƙasa har ta ci karo da break. Ku cire na Daura ku gani: fasinja ɗaya, tikiti biyu, na Daura da na Funtuwa. Kuma ba wani kuskure da zai fito a allo, shi ya sa gano shi ke da wuya.

Wani lokaci da gangan ake yin haka. Mashi a kan hanyar Daura take, don haka sai ka jera case 4 da case 1 a haɗe, su shiga mota ɗaya.

A JavaScript, abin da prompt, wato akwatin da ke karɓar amsar fasinja, ya karɓo rubutu ne, kuma "1" ba ta daidai da 1 a wajen switch, don haka kowa sai ya zarce default. Ka fara mayar da shi lamba da Number. C kuwa ba ta karɓar rubutu a case sam, Java sai daga sigar 7 ta yarda. Python ma ba ta da irinsa sai a 2021 da match ya zo, shi kuma ba ya gangarawa.

In tsakani kake gwadawa, kamar makin ɗalibi daga 60 zuwa 69, koma wa if.