Goɗiyar da Aka Ce Juya Ce

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Dakta Hadiza, likitar dabbobi, da Baba Ilu wanda tun yana yaro yake cikin barga. Baba, kai ka kawo maganar nan, sai ka buɗe mana.

Baba Ilu: To Bashir, wata goɗiya ce gare ni, akawal, uwar duƙusai huɗu. Da ta manyanta sai haihuwa ta tsaya. Shekara uku ina kai ta baye, ina biyan kuɗin ingarma, bayan sati uku sai in ga ta sake neman namiji. Kowa ya ce juya ta zama, in sayar. Wallahi raina bai so ba, don irin jininta ba a samunsa a kasuwa.

Bashir: Sai kika je, Dakta.

Dakta Hadiza: Na je. Na sa safar roba har kafaɗa, na shigar da kan na'urar sikanin ta dubura, Baba yana riƙe da linzami. Ka tuna abin da na nuna maka a fuskar na'urar, Baba?

Baba Ilu: Wani baƙin tabo, kamar tabki a tsakiyar fili.

Dakta Hadiza: Ruwa ne kwance a mahaifa. Ka ga, duk goɗiyar da aka yi wa baye, mahaifarta takan ɗan kumbura, mai ƙoshin lafiya kuma takan tsarkake kanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsohuwar da ta sha haihuwa, mahaifarta ta saki, ruwan sai ya tsaya. Ɗan tayin kuwa sai wajen kwana shida yake saukowa mahaifa, ya tarar da wuri a gurɓace, ya mutu. Cikin yana shiga, zama ne ba ya yi. Muka wanke mahaifar da ruwan gishiri na asibiti, muka yi mata allurar oksitosin ta matse sauran.

Baba Ilu: Har da ɗinki kika yi.

Dakta Hadiza: Eh, saman farjinta ya lotsa, iska da kashi suna shiga. Aka ɗinke saman. Wani likita mai suna Caslick ne ya bayyana dabarar a 1937, har yau da sunansa ake kiranta. Amma dole a warware ɗinkin kafin haihuwa, in ba haka ba ta yage.

Bashir: To in mahaifar ta riga ta lalace fa, wanki bai yi ba?

Dakta Hadiza: Sai a yi aron mahaifa. A yi wa goɗiyar baye ko a zuba mata maniyyi da bututu. Kwana bakwai ko takwas bayan ƙwai ya fito, a ɗura ruwa a mahaifar, a zuƙo shi ta matata. Ɗan tayin yana cikin ruwan nan, bai kai kan allura ba. A ɗauke shi a dasa wa wata matashiyar goɗiya wadda aka daidaita kwanakinta da na uwar. Ita za ta yi rainon cikin wata 11.

Baba Ilu: Tsaya 'yata. To duƙushin na wa zai zama?

Dakta Hadiza: Jini da launi da kama duk na mai ƙwan ne da ingarman, Baba. Sai dai girman mai ɗaukar yana tasiri. In ka dasa wa ƙaramar goɗiya, ɗan zai fito ƙarami, nonon ma ba zai wadata ba. Shi ya sa ba a zaɓen mai ɗauka da garaje.

Bashir: Na ji 'yan folo suna yawan ambaton Ajantina a wannan harka.

Dakta Hadiza: Can ne cibiyarta. Mu nan ingarma ake hawa ranar Sallah, goɗiya tana gida. Su a folo yawanci goɗiya ake hawa. Gwanar da take fili tana cin kofi, wa zai ajiye ta shekara guda don ciki? Sai a riƙa ɗebe ɗan tayinta ana dasa wa wasu, ita tana wasanta. Dawakin Ajantina da ake gani a filayen folo na Kaduna da Katsina daga irin wannan ƙasar kiwo suka fito.

Bashir: In kuma ko ɗan tayin ba a samu?

Dakta Hadiza: Nan ne aikin ya yi zurfi. A bi ta bangon farji da doguwar allura, sikanin yana nuna hanya, a zuƙo ƙwayayen kai tsaye daga ma'ajiyarsu. Abin da ya daɗe yana ba masana wahala shi ne, a shanu in ka haɗa ƙwai da maniyyi a faranti sukan haɗu da kansu, a doki kuwa sun ƙi. Sai aka koma ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a tsira ta cikin ƙwan da allurar gilashi. A Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka aka fara samun duƙushi ta wannan hanya a 1996. Sai a 2022 ne Katrin Hinrichs da abokan aikinta a Jami'ar Fensilbaniya suka gano yadda za su haɗu da kansu a farantin. Ko goɗiya ta mutu ba zato, in aka yi sauri aka cire ma'ajiyar ƙwayayenta, ana iya samun ɗa daga gare ta.

Baba Ilu: Allahu Akbar. Bayan ta mutu?

Dakta Hadiza: Bayan ta mutu, Baba. Har kwafin dabba ana yi, wato a samar da wata sak irinta daga ƙwayar jikinta. A 2003 aka haifi Prometea a garin Kiremona na Italiya, dokin farko da aka kwafa. A 2016 kuma ɗan wasan folo na Ajantina Adolfo Cambiaso ya hau kwafi shida na goɗiyarsa Cuartetera a wasan ƙarshe na gasar folo ta Palermo a Ajantina. Amma masu dawakin sukuwa irin Thoroughbred sun haramta duk wannan, ba sa rajistar duƙushi sai ingarma ya hau da kansa.

Bashir: Ga mai goɗiya ɗaya a Ɓatagarawa ko Maraɗi fa, Dakta? Waɗannan ai sai masu hannu da shuni.

Dakta Hadiza: Gaskiya ne, kuma abin yana damuna. Ana sayar da goɗiyoyi masu kyau da sunan juya, alhali ko sau ɗaya ba a leƙa mahaifarsu ba. Ina roƙon masu dawaki su nemi sikanin kwana 14 zuwa 16 bayan baye. A nan ake ganin ciki, a nan kuma ake ganin tagwaye. Mahaifar goɗiya ba ta iya ciyar da biyu, yawanci ɓari ake yi, don haka ake murƙushe ɗaya tun yana ɗigo a bar ɗaya.

Bashir: Baba, akawal ɗin fa yanzu?

Baba Ilu: Cikinta wata tara. Na ƙara mata harawa da dusa, na daina ɗaure ta a rana. Dakta, wata mai zuwa ki zo ki warware ɗinkin nan.

Dakta Hadiza: Da yardar Allah, Baba. Ka sa ido a hantsarta, in ta fara cika ka kira ni ko da dare ne.