Ranar da leburori suka wuni a gindin darbejiya

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kano. Aminu ne ke magana, ga Injiniya Maryam, ga kuma Baba Garba, wanda ya fara da ɗaukar kwanon sarki tun yana yaro, yau shi ke karɓar kwangilar gidaje. Baba, wani mai sauraro daga Hotoro ya turo tambaya. Ya ce gidansa ɗaki huɗu ne kacal, kuɗi na nan, amma wata takwas ke nan bai kai linta ba. Me ke cinye lokacin?

Baba Garba: Wa alaikumus salam. Jira ne, ɗana. Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Wata shekara ina aiki a Mariri, na tara birkila huɗu da leburori takwas tun bakwai na safe. Siminti na nan, bulo na nan, tifar yashi ce kawai ba ta iso ba. Direba ya ce yana hanya, har azahar yana hanya. Mutum goma sha biyu suka wuni a gindin darbejiya, da yamma na biya su, don ba laifinsu ba ne. Tun ranar ba na kiran ma'aikaci sai na ga kayan aikin gobe a fili da idona tun yau.

Maryam: Baba, ka manta da ruwa.

Baba Garba: Ruwa ma, Injiniya! Shi ne mutane suka fi rainawa. Fegin da ba rijiyar burtsatse, sai ka shirya da mai tanka ko 'yan garuwa tun kafin a haƙa harsashi.

Aminu: To ya ake tsara abin tun daga farko? Don mu dai abin da muka sani, a sayi fili, a kira magini.

Maryam: Nan ake fara kuskure, Malam Aminu. Takarda ce farko. A samu zane, a kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta amince, don kada ka kai rufi a zo a shafa maka jan fenti. Sannan a duba ƙasar. Kano gari ne na kududdufai, an yi shekaru ana haƙar ƙasa ana gini da ita, daga baya aka cike ramukan da shara aka yanka filaye. Harsashin da zai zauna lafiya a kan jar ƙasa mai tauri, a kan cikon bola ba zai zauna ba. In ba a gano haka da wuri ba, ƙiyasin kuɗin gaba ɗaya ya rushe.

Aminu: Shi ƙiyasin, da ka ake yinsa?

Maryam: Da alƙalami. Bulo goma ke cike murabba'in mita ɗaya na bango, ka auna bangonka ka cire ƙofa da taga, ka san adadin. Buhun siminti kilo 50 ne, sandar rodi mita 12. Wanda ya zauna da zane ya lissafa yadda za a yanka rodin, ba zai tashi da tarin guntaye ba.

Baba Garba: Guntayen nan kuɗi ne fa. Ka saye su da tsada a Ƙofar Ruwa, ka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Aminu: Amma Baba, farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Ba gara mutum ya saye komai ya ajiye ba?

Baba Garba: Ba komai ake ajiyewa ba. Rodi, in na karɓi kafin alƙalami, ranar nake saye, in ɗora shi a kan katako in rufe. Kwanon rufi ma haka. Amma siminti ba ya son zama. Ka jibge buhu ɗari biyu a ɗaki mai danshi a watan Agusta, bayan wata uku ka tarar da duwatsu. Abin da nake yi, in biya dila kuɗin duka, ya rubuta min takarda, in riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan. Sai dai dilan ya zama wanda ka san gidansu.

Maryam: Tunda ka ambaci Agusta, ni a ganina ɗan kwangilar da bai san kalandar Kano ba bai fara aiki ba. Damina daga Yuni zuwa Satumba ce, ba lokacin buɗe ramin harsashi ba ne, ruwa zai cika shi gefe ya zabtare. Ka yi ƙoƙari ka rufe gini kafin ruwa ya sauka, sai ka koma ciki, filasta da tayil da waya. A bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, zafi da iska na shanye ruwan kankare kafin ya kama.

Baba Garba: Shi ya sa nake zuba dekin da asuba. Da azumi ma haka, a fito bayan sallar asuba, a tashi kafin rana ta take. Kuma ba na sa zubi ranar Juma'a, don dekin in an fara ba a tsayawa sai an gama.

Aminu: To ga inda na ruɗe. Kun ce jira ne ke cin kuɗi. Amma na ga an zuba dekin, an bar shi mako uku ba wanda ya taɓa.

Maryam: Wannan jiran daban ne, shi gini ke buƙata, kuma shi ne masu gida suka fi ƙi. Kankare ba bushewa yake yi ba, ruwa ne ke haɗuwa da siminti ya yi ƙarfi a hankali. A ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Mai gida ya matsa a cire katakon tokare don kafinta na son kai shi wani aiki, to da ran mutane ake wasa. Wannan maganar ba na sassauta ta ga kowa, ko mahaifina ne mai ginin.

Baba Garba: Kuma ba zama ake yi ba a kwanakin. Lokacin nake sa a buga bulon hawa na sama, mai walda yana haɗa tagogi, ni kuma ina 'Yan Katako a Na'ibawa ina zaɓen na rufi. Wani abu kuma, kafin a zuba dekin sai mai waya da mai famfo sun shimfiɗa bututunsu na duba da kaina. Ba abin da ke ƙona min rai irin in ga an gama filasta sumul, sannan an zo da guduma ana fasawa.

Aminu: Ma'aikata fa, jinga ko kuɗin wuni?

Baba Garba: Jera bulo da haƙa, jinga, amma ina tsaye da igiya da ma'auni, don mai jinga sauri yake. Ɗaurin rodi da zubi kuwa kuɗin wuni nake biya, ba na son kowa ya yi gaggawa a nan. Kuma duk wanda ya yi min aiki, da haƙƙinsa yake komawa gida. Birkilan da ke tare da ni yanzu, wasu da iyayensu na fara.

Aminu: To shi mai tambayarmu na Hotoro, gobe da safe me zai yi?

Maryam: Ya zauna da magininsa su rubuta abin da ya rage har zuwa rufi, mataki-mataki, kowane da kayansa da kuɗinsa da ranarsa. Duk canjin da zai yi, ko taga ɗaya ce, ya faɗa yanzu.

Baba Garba: Kuma ya nemi lambar direban tifa biyu, kada ya dogara da ɗaya.

Aminu: Madalla. Mako mai zuwa za mu ɗauki maganar bulo, yadda mai saye zai gane wanda aka rage wa siminti tun a gidan bulon. Injiniya, Baba, mun gode. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.