Ranar da uba ya cinna wa audugarsa wuta

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu, malamai, 'yan uwa maza da mata, sannunmu da zuwa, na san da yawa daga aikin dare kuka wuce nan.

Ni dai maganar wani littafi na zo da ita. 'Yata aka ba wa shi a makaranta, ta bar shi kan tebur na ɗauka don in ga me ake koya musu, wallahi sai asuba na ajiye. Sunansa Roll of Thunder, Hear My Cry, Mildred Taylor ce ta rubuta a 1976, ya ci kyautar Newbery ta littattafan yara a 1977. Labarin ƙauye ne a jihar Misisipi ta nan Amurka cikin 1933, kuma yarinya 'yar shekara 9, Cassie Logan, ita ke ba da shi.

To abin da ya kama ni gona ce. Gidansu Cassie baƙar fata ne amma suna da eka 400 nasu na kansu, kakanta ya sayi rabi a 1887 ya ƙara rabi a 1918, alhali maƙwabta duk a gonar farar fata suke noma ana raba amfani, bashi bai ƙarewa. Uban har jihar Luwiziyana yake tafiya aikin titin jirgin ƙasa don kawai a biya haraji da bashin banki kar gona ta suɓuce. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi gida a fanso gonar gado daga jingina ya san wannan mutumin.

Gwanintar matar nan ita ce ta sa labarin a bakin yarinya, sai kai mai karatu ka riga ta ganewa. Akwai inda Cassie ta yi karo da wata yarinya farar fata a garin Strawberry, uban yarinyar ya tunkuɗa ta kan titi, kakarta kuma ta tilasta ta ba da haƙuri. Cassie ta cika ta yi fam, gani take tsohuwa ta ci amanarta, kai kuwa ka san tsoro ne, ranta take ceto. 'Yata ma haushin kakar ta ji, mun daɗe muna wannan musun a kicin.

Sai ƙarshe. Wasu farar fata suka taru cikin dare za su rataye T.J., yaron maƙwabta, ba shari'a ba komai, yaron da rawar kansa ce ma ta sa aka kori uwar Cassie daga koyarwa. Kwatsam wuta ta tashi a gonar auduga, kowa ya bar yaro ya ruga kashe wuta, baƙi da farare tare, ana cewa tsawa ce ta faɗi. Sai daga baya Cassie ta harhaɗa magana ta gano babanta ne ya cinna, audugar da da ita za a biya bashi, saboda ɗan wani. Kuma marubuciyar ba ta yi mana daɗin baki ba, T.J. kurkuku aka kai shi.

Iyayenmu, jikokin waɗannan mutanen ne maƙwabtanmu a nan, da su muke hawa bas, wasunsu sahu ɗaya muke a masallaci, ni kam na yi shekaru ban san abin da iyayensu suka gani ba. Littafin yana laburaren unguwa, aro kyauta ne. Da 'yata ta gama shi tambayar da ta min ita ce, Baba gonar kakanmu tana nan ko an sayar? A daren na kira yayana a waya.

Wassalamu alaikum.