Fodkas: Babu menu, abin da kuku ya ba ka shi za ka ci

Nura: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Anti Hadiza mun ritsa Bashir, tunda ya dawo daga Tokyo ba shi da zance sai na gidan sushi ɗin da abokan kasuwancinsu suka kai su a unguwar Ginza. Malam, wai da gaske ɗanyen kifi ka zauna ka ci?

Bashir: Na ci kuwa, har da lasar yatsa. Ai wajen ma ba irin restoran ɗin da kuke tunani ba ne, ɗan ɗaki ne, kanta ɗaya ta katako, kujeru ba su wuce goma ba, kuku na tsaye a gabanka da wuƙarsa. Kana zama za a miƙo maka ɗan tawul mai ɗumi ka goge hannu, shi ke nan, ba menu ba komai. Omakase suke ce wa tsarin, shi kukun ne zai zaɓa maka abin da ya samo mai kyau a kasuwa ranar.

Hadiza: Ni da kuɗina a ce ba zan zaɓi abin da zan ci ba? Lallai ma.

Bashir: Anti ai nan ne daɗin yake. Kin ga dai yadda mai balangu ke yanko miki kina tsaye kina ci da zafinsa, to haka. Zai dunƙula shinkafa a tafin hannunsa, ba mai sanyi ba, da ɗan ɗuminta, ya ɗan lakato wasabi, wata saiwa mai yaji da ake gogawa, ya ɗora yankan kifi, ya shafa masa miya da ɗan buroshi ya ajiye a gabanki, kuma nan take ake so ki ɗauka ki jefa baki gaba ɗaya, in kika tsaya ɗaukar hoto shinkafar ta huce to kin ɓata masa aiki, za ki ga fuskarsa ta canja.

Nura: Da tsinkayen nan nasu? Ni fa ban iya ba.

Bashir: Da hannu ma ya halatta, ba wanda zai kalle ka. Abin da ba sa so shi ne ka soka tsinke a tsaye cikin kwanon shinkafa, wannan sai wajen makoki ake yi.

Hadiza: To kifin ba ya ƙarni?

Bashir: Wallahi ko kaɗan. Akwai tumbin tuna mai kitse, otoro, kafin ki tauna ya narke. Wasabin ma a gabana ya goga shi ɗanye a kan fatar kifin shak, ya hau mini hanci ya sauka nan da nan, ba irin koren nan na cikin tub ba wanda yawanci wani saiwa ne daban aka sa wa kala.

Nura: Ni tsadar ce ta ɗaure mini kai. A gwanjon farkon shekarar 2019 a kasuwar kifi ta Toyosu da ke Tokyo, wadda ta gaji tsohuwar kasuwar Tsukiji a 2018, an sayi tuna ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6. Kifi ɗaya fa!

Bashir: Wannan kam talla ce wanda ya saye shi, Kiyoshi Kimura, ya yi wa gidajen sushinsa na Sushizanmai, ba farashin kullum ba ne. Amma dai a Ginza kai kaɗai sai ka kashe dubunnan yen goma-goma a zama ɗaya, ga shi sai an yi maka bukin tun da wuri. Gidan Sukiyabashi Jiro da firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Obama a 2014 ma, Michelin, masu tantance gidajen abinci, sun cire shi daga littafinsu a 2019 don ya daina karɓar bukin daga gama-garin mutane. Sauƙin ɗaya dai, ba a ba da tukwici a Japan.

Hadiza: Tsaya Bashir, miyar nan da ka ce ana shafawa da buroshi, me ke cikinta?

Bashir: Yawwa, kin zo wajen. Mutane na ganin tunda kifi ne an tsira, alhali galibi ana dafa soya sos ɗin ne da mirin ko sake, duk kuwa giyar shinkafa ce, haka miyar mai zaƙi da ake sa wa anago, wani dogon kifin teku mai kama da maciji. Mu tun wajen bukin aka faɗa musu akwai Musulmi, sai ya riƙa sa mini gishiri da ɗan ruwan lemon yuzu, wasu abubuwan ya musanya mini gaba ɗaya. Amma sai ka faɗa da wuri, ba kana zaune a kan kanta ba, kuma ba kowane gida ne zai yarda ba.

Nura: Ka ƙoshi kuwa? Tsakaninka da Allah.

Bashir: Loma kusan ashirin fa Nura, ga shayi kore ana ta ƙara maka.

Hadiza: Bai amsa ba dai. Mu je talla, in mun dawo sai ya faɗa mana me ya saya a kanti kan hanyar otal.