Zaɓin Farko Sau Uku: Yadda Ake Auna Zaɓen Houston Astros

Masu kallo, barkanku da warhaka. Yau za mu leƙa Amurka, filin ƙwallon besbol, mu duba wata tambaya da ke tayar da gardama duk shekara: idan ƙungiya ta zaɓi sabbin matasan 'yan wasa, ta yaya za a gane ta yi dace ko ta yi asara?

A ƙwallon ƙafa mun saba kulob ya reni yaro tun yana ƙarami, ko ya sa kuɗi ya saye shi. A babbar gasar besbol ta MLB, matasan Amurka da Kanada da Puerto Rico layi ake bi a ɗauke su. Ƙungiyoyi 30 suna zaɓa ɗaya bayan ɗaya daga 'yan sakandare da 'yan jami'a, kuma a shekarun da za mu yi magana a kai, wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta gabata ita ke fara zaɓa. Houston Astros ta sha kashi sau 106 a 2011, sau 107 a 2012, sau 111 a 2013. Saboda haka zaɓin farko ya faɗo hannunta shekara uku a jere. Ku riƙe sunaye uku: Carlos Correa, Mark Appel, Brady Aiken.

Mu fara da 2012. A shekarar aka shigo da sabuwar doka: an yanka wa kowace ƙungiya iyakar kuɗin da za ta kashe kan waɗanda ta zaɓa a zagaye goma na farko, kuma kowane gurbi da farashin da aka ƙiyasta masa. Wadda ta zarce iyaka za ta biya tara, idan zarcewar ta yi yawa har gurbin baɗi za a ƙwace mata. Farashin gurbin farko dala miliyan 7.2 ne. Sabon babban manajan ƙungiyar mai kula da ɗaukar 'yan wasa, Jeff Luhnow, ya tsallake sunayen da 'yan jarida suka fi ambata, ya ɗauki Correa, yaro ɗan shekara 17 daga Puerto Rico, wanda ya yarda da dala miliyan 4.8.

To ina rarar ta tafi? A nan ne mai auna zaɓe ya kamata ya buɗe ido. A gurbi na 41 sun ɗauki Lance McCullers, mai jifa (wanda ke jefa wa mai bugu ƙwallo ya doke ta da sanda) ɗan sakandare da sauran ƙungiyoyi suka ja baya da shi don suna ganin zai yi tsada ko ya wuce jami'a. Astros ta ba shi dala miliyan 2.5, ninkin abin da aka ƙiyasta wa gurbinsa. Correa ya shigo babbar gasa a 2015 yana da shekara 20, aka ba shi kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa. McCullers kuwa, a wasa na bakwai da New York Yankees a zagayen kusa da na ƙarshe na 2017, wasan da duk wanda ya faɗi ya koma gida, shi ya rufe wasan, wato shi ne mai jifa na ƙarshe. Jifa 24 na ƙarshe da ya yi duk iri ɗaya ne, jifa mai lanƙwasa, masu bugun Yankees sun san abin da ke zuwa amma sun kasa taɓa shi yadda ya kamata. Wanda ya kalli sunan farko kaɗai a 2012, rabin labarin ya gani. Da kuɗin mutum ɗaya aka samo mutum biyu.

Sai 2013, shekarar da har yau take yi wa magoya bayan Houston ciwo. Sun ɗauki Mark Appel, mai jifa daga Jami'ar Stanford, kan dala miliyan 6.35. Chicago Cubs da ke biye ta ɗauki Kris Bryant. Bryant ya zama gwarzon sabbi a 2015, a 2016 ya zama gwarzon ɗan wasa na rukuninsa (MLB rukuni biyu ce), Cubs kuma ta ci kofin World Series, wato kofin zakarun MLB, da rabonta da shi tun 1908. Appel ya yi ta fama a ƙananan rukunai, rauni ya dame shi, aka miƙa shi ga Philadelphia a ƙarshen 2015, ya ajiye wasa a 2018. Ya dawo daga baya, kuma sai a 2022, yana da shekara 30, ya taka filin babbar gasa.

Abu ne mai sauƙi yau mutum ya ce an tafka kuskure. Ni dai ina ganin adalci shi ne a koma ranar da aka yi zaɓen, a tambayi abin da aka sani a lokacin. Appel ya yi shekara huɗu yana jifa a babbar jami'a, jikinsa ya cika, jifarsa da gudu, kuma yawancin masu farautar 'yan wasa sun sa shi a sahun gaba. Ba wauta aka yi ba. Amma akwai darasin da ƙungiyoyi suka daɗe da sani: hannun mai jifa abu ne mai saurin lalacewa, don haka zuba gurbin farko a kansa kasada ce da ta fi ta ɗaukar mai bugu. A wannan gefen ne za a iya kama Astros da laifi.

Labarin 2014 ya fi ban tausayi. Brady Aiken, ɗan sakandare daga San Diego mai jifa da hannun hagu, ya amince da dala miliyan 6.5. Da likitoci suka ɗauki hoton gwiwar hannunsa, sai suka ga jijiyar da ke riƙe wurin ba ta yi musu ba. Ƙungiya ta zaftare tayin, ɓangaren yaron ya ƙi, wa'adi ya cika ranar 18 ga Yuli ba a sa hannu ba. Abin bai tsaya kansa ba. Doka ta ce idan wanda ka zaɓa bai sa hannu ba, kuɗin gurbinsa ya fita daga kasonka. Jacob Nix, wani yaro da aka ɗauka a zagaye na biyar aka yi masa alkawarin dala miliyan 1.5 daga rarar Aiken, ya wayi gari babu kwantiragi, alhali bai ji ba bai gani ba. An caccaki Astros sosai, kuma a batun Nix sukar tana da hujja.

A watan Maris na 2015 aka yi wa Aiken tiyatar gwiwar hannu, wadda ake kira da sunan Tommy John. Cleveland ta ɗauke shi a gurbi na 17 a shekarar, bai taɓa kaiwa babbar gasa ba. Ita kuwa Houston, doka ta biya ta diyya da gurbi na biyu a 2015. Da shi ta ɗauki Alex Bregman daga Jami'ar Jihar Louisiana, da gurbinta na biyar kuma ta ɗauki Kyle Tucker. Bregman ne ya buga ƙwallon da ta kawo ƙarshen wasa na biyar na World Series a 2017, Astros 13, Dodgers 12.

To wane maki za ku ba zaɓen 2014? Idan ranar aka tsaya, sifili ne. Idan aka bi sawun gurbin har inda ya kai, ya haifi ɗan wasan da ya yi wa ƙungiyar shekaru yana tsaron zango na uku, ɗaya daga muhimman wuraren tsaro a fili. Shi ya sa makin da masu sharhi ke rabawa a daren zaɓe ba ya ɗaukar hankalina. Yaron da aka ɗauka yau yakan yi shekara uku zuwa biyar a ƙananan rukunai, yana yawo a bas daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, kuma akasarinsu ba sa kaiwa sama ko kaɗan. Masu lissafi kan jira shekaru, sannan su ƙirga nasarorin da kowane ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya fiye da abin da ɗan cike gurbi zai kawo, su kwatanta da abin da aka saba samu a irin gurbinsa. Har wanda aka musanya da wani yana shiga lissafi: Appel na cikin waɗanda aka bayar aka karɓo Ken Giles, mai rufe wasan Astros a kakar 2017.

Dole a faɗi wani abu game da kofin 2017 da Astros ta ci. Binciken MLB ya tabbatar cewa Astros ta yi amfani da kyamara wajen satar alamun hannu da abokan hamayya ke yi wa mai jifarsu kan irin jifar da zai yi, aka dakatar da Luhnow a Janairun 2020, mai ƙungiyar ya sallame shi a ranar. Wannan tabo ne na gaske, kuma yana sa mai auna 'yan wasan ya duba abin da suka yi bayan haka. A 2022 sun sake cin kofin, da Bregman da Tucker da McCullers. Correa ya riga ya koma Minnesota, wanda ya gaje shi kuma, Jeremy Peña, shi aka ba gwarzon World Series. A zagaye na uku aka ɗauke shi a 2018, lokacin da ba kowa ke kallon talabijin ba.

Hanyar da Houston ta bi ma yanzu an toshe ta. Tun daga zaɓen 2023, gurabe shida na farko da ƙuri'a ake fitar da su, zagayen kuma tun 2021 sun koma 20 maimakon 40. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe tana iya ƙarewa babu zaɓin farko, don haka duk wadda za ku auna yanzu, ku fara da duba abin da ta yi da kason kuɗinta da kuma waɗanda ta tsinto daga zagaye na uku zuwa ƙasa.