Amsoshin Tambayoyinku: Giyar ƙananan masu dafawa a Turai da Amurka, da yadda ake gwada ta

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu ɗaya, wato giya, kuma wasunsu daga 'yan uwanmu ne mazauna ƙasashen waje. Mun san ga akasarin masu jin mu abin haramun ne, babu ja a kan wannan. Amma wanda ke aiki a kanti ko gidan abinci a Turai kullum idonsa na kan kwalaben nan, gara ya san abin da ke cikinsu.

Wasiƙar farko daga wani bawan Allah ce da ke aikin jera kaya a babban kanti a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam. Ya ce a layin da yake kula da shi akwai giya iri-iri har ba ta ƙirguwa, wata ja, wata baƙa wuluk, wata kamar ruwan zuma, masu saye kuma sukan tsaya suna juya kwalba kamar masu zaɓen turare. Yana tambaya, shin ba duk abu ɗaya ba ne aka sauya wa takarda?

To Malam, ba ɗaya ba ne, ko da yake kayan haɗin kusan huɗu ne kacal: ruwa, tsiron sha'ir, furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hop, sai yis. Ana jiƙa sha'ir har ya fara tsiro, a busar da shi, kamar dai yadda wasu mata ke sa tsiron shinkafa a kunun zaƙi don ya fito da zaƙin hatsin. Idan aka busar da tsiron a wuta kaɗan, giyar sai ta fito fara-fara. Idan aka gasa shi ya yi duhu, sai ta yi ja ko baƙa, ta ɗauki ƙamshin kofi. Furen hop shi ke kawo ɗaci da ƙamshi, yana kuma hana ta saurin lalacewa. Yis kuwa shi ke cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska.

A wurin yis ɗin nan aka raba gida biyu. Akwai eil, wadda yis ɗinta ke aiki da ɗan ɗumi, wajen digiri 15 zuwa 24, ya gama cikin 'yan kwanaki, ya bar ƙamshi irin na 'ya'yan itace. Akwai laga, wadda ake tsimawa a sanyi, wajen digiri 7 zuwa 13, a ajiye ta makonni har ta tace. Laga mai ruwan zinariya da ta mamaye duniya a yau an fara dafa ta ne a 1842 a garin Plzen na ƙasar Cek, a hannun wani Bajamushe mai suna Josef Groll. Jamusawa suna alfahari da dokarsu ta 1516 ta yankin Bavaria, wadda ta ce ruwa da sha'ir da hop kaɗai za a sa. Dokar ba ta ambaci yis ba, don a lokacin ba a gane aikinsa ba. Sai a 1883 Emil Christian Hansen ya ware tsantsar yis ɗin laga a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Copenhagen.

Ƙasar da kake zaune kuwa ba ta taɓa ɗaure kanta da irin wannan doka ba, shi ya sa layinka ya cika. 'Yan Beljiyam suna zuba sukari, ɓawon lemo, har da 'ya'yan itace. Akwai wadda sufayen Kirista na ɗariƙar Trappist ke dafawa a gidajen ibadarsu, irin su Chimay da Orval da Westvleteren. Akwai kuma lambik, ta yankin Brussels ɗin, wadda ba a zuba mata yis sam. Idan an dafa ruwan sai a juye shi a wani faffaɗan kwano mara zurfi a saman gini, a buɗe tagogi ya kwana yana shan iska, ƙwayoyin da ke yawo a iskar su faɗa ciki. Daga nan a ɗura a gangunan katako, shekara ɗaya har uku, ta fito da tsami. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, har yanzu haka yake yi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe, tun da masu saye za su tambaye ka: launi ba ya nuna ƙarfi. Guinness ɗin da ake zubawa daga famfo a Ireland baƙa ce ƙirin, amma barasarta kashi 4.2 ce cikin 100. Duvel ta Beljiyam fara ce tas, tana da kashi 8.5. Lambar da ke jikin kwalbar ita ce abin dubawa.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wani direban babbar mota a jihar Ohio ta Amurka. Ya ce abokan aikinsa sun dame shi da zancen giyar da ake rubuta wa craft a jikin gwangwani, suna ce masa ita ta gargajiya ce, babu sinadari, ba ta da illa irin ta manyan kamfanoni. Gaskiya ne?

Yallaɓai direba, sun haɗa maka gaskiya da son rai. Maganar ta samo asali ne daga tarihin Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta barasa a ƙasar baki ɗaya, ƙananan masu dafawa da dama suka mutu murus. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 gidajen dafa giya a Amurka ba su kai 100 ba, kuma kusan duk laga iri ɗaya suke yi. A 1965 wani matashi, Fritz Maytag, ya sayi tsohon gidan Anchor a San Francisco da ke dab da rufewa. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa. Waɗanda suka koya a gareji da kicin su ne suka buɗe ƙananan masana'antu, kamar Ken Grossman da ya kafa Sierra Nevada a 1980 a California. A 'yan shekarun nan adadin ya haura 9,000.

Ƙungiyarsu, Brewers Association, ta gindaya sharaɗi: kada abin da gida ke fitarwa ya wuce ganga miliyan 6 a shekara, kuma kada hannun jarin wani babban kamfanin barasa a ciki ya kai kashi 25. Ka ga kenan magana ce ta girma da mallaka, babu ruwanta da lafiyar mai sha. Manyan ma sun gano kasuwar, suna bi suna saye: AB InBev ya sayi Goose Island ta Chicago a 2011, Heineken ya gama mallakar Lagunitas a 2017. Gwangwanin bai sauya kama ba, mai shi ne ya sauya.

Batun illa kuwa, sau da yawa ma ta fi ƙarfi. Laga ta yau da kullum kashi 4 zuwa 5 ce. IPA, wata irin eil mai yawan hop da ɗaci wadda 'yan wannan harka suka fi so, takan kai 6 ko 7, wadda aka ƙara wa ƙarfi ta kai 8 zuwa 10. Ga wanda ke riƙe sitiyari, gwangwani ɗaya na iya zama biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba ya cutarwa, kuma tun 1988 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Wannan hukunci bai ware ta ƙaramin gida ba.

Wani ɗalibi daga Jos ya rubuto cewa ya ga wata gasa a talabijin, manya-manyan mutane zaune da takardu suna shinshina ƙananan kofuna suna rubutu. Ya ce me suke aunawa, kuma ya ba sa buguwa?

Wannan tambaya ta yi mini daɗi, don a nan ainihin sana'ar take. Alƙalan ba sa ganin kwalba ko sunan kamfani. Ana kawo musu kofuna masu haske, lamba ce kawai a jiki, giyar ciki ba ta wuce kurɓi biyu ko uku ba. Ba a shiga ɗakin da turare a jiki. A tsarin da ƙungiyar horar da alƙalai ta BJCP ke bi, wadda aka kafa a Amurka a 1985, maki 50 ne: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take ji a baki 5, sai 10 na hukuncin gaba ɗaya. Alƙali zai fara kai hanci kafin ƙamshin ya gudu, ya ɗaga kofin ya duba haske da kumfa, sannan ya kurɓa. Tsakanin kofi da kofi sai ruwa da busasshen biskit. Ana farawa da mai sauƙi a ƙare da mai ƙarfi, don idan harshe ya sha ɗacin IPA, ba zai ƙara jin laga ba. Ɗacin ma yana da ma'auni, ana ce masa IBU: lagar manyan kamfanonin Amurka wajen 10, IPA kuwa 40 zuwa 70.

Ba a tambayar alƙali wadda ta fi masa daɗi. Ana tambayarsa ko giyar ta cika siffar jinsinta, shi ya sa tsamin da zai ci kyauta a lambik zai kayar da laga. Rabin aikin ma farautar aibi ne. Idan ya ji warin man shanu, yis bai gama aikinsa ba. Idan ya ji warin jiƙaƙƙen kwali, iska ta shiga, giyar ta tsufa. Idan ta yi wani ɗoyi mai hawa kai, hasken rana ne ya taɓa hop ɗin, dalilin da ya sa aka fi zuba giya a kwalba mai ruwan ƙasa kenan, koriyar kwalba ba ta karewa sosai.

Buguwa fa? Masu gwada giyar inabi tofarwa suke yi, amma alƙalan giya haɗiyewa suke, don suna son jin ɗacin da ke saura bayan ta wuce maƙogwaro. Shi ya sa ake taƙaita yawan kofunan kowane zama. A ganina, duk wanda ya ce maka yana gwada kofi na goma sha biyar da irin harshen da ya gwada na farko, cika baki ne kawai.

Ingila tana da nata salon. A 1971 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare eil ɗin ganga, wadda yis ɗinta ke da rai har a ɗakin ƙasa na mashaya, ake jawo ta da famfon hannu a sanyin digiri 11 zuwa 13. Idan aka buɗe gangar, kwana uku ne ta fara lalacewa. Don haka a can har mai mashaya ake yi wa hukunci, domin giya ɗaya na iya yin kyau a wannan titi ta ɓaci a na gaba.

Daga Funtuwa, wani manomi ya ce ya ji ana cewa dawar da 'yan kasuwa ke lodi zuwa kudu har da kamfanonin giya ke saye. Haka ne, Alhaji. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Ko bayan an ɗage haramcin ba su saki dawa ba. Guinness ɗin Najeriya, wadda aka fara dafawa a Ikeja a farkon shekarun 1960, da dawa ake yin ta, barasarta kashi 7.5, kuma masu kwatanta giya a Landan sukan neme ta takanas su jera ta da ta Dublin. Sai dai dawar ba giya kaɗai take tafiya ba, har da lemon malt da abincin kaji da na dabbobi.

Dawa dama ta san wannan hanya tun da daɗewa. Burukutu a Najeriya, pito a arewacin Ghana, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi, duk daga tsironta ake dafa su, yawanci mata ne ke yi, babu hop, shi ya sa suke da tsami kuma ba sa jure ajiya.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi. Ta ce an kawo mata tsarabar gwangwani an rubuta 0.0, kamanninsa na giya, shin ɗaya yake da malt ɗin da muke ba yara?

Hajiya, ba ɗaya ba ne. Malt irin su Maltina ruwan tsiron hatsi ne da sukari, ba a tsima shi da yis, shi ya sa yake da zaƙi da kauri. Giya mara barasa kuwa, yawancinta giya ce aka dafa sosai sannan aka cire barasar, ko ta hanyar ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta matata mai ƙananan ƙofofi. Wasu kuma tun farko suke tsayar da yis ɗin kafin ya yi nisa. A ƙasashe da dama doka ta yarda a kira ta mara barasa ko da tana da kusan kashi 0.5, don haka wadda aka rubuta wa 0.0 daban take da wadda aka rubuta wa 0.5, sai ki juya gwangwanin ki karanta ƙananan rubutun baya. Hukuncin shan ta a addini, wannan fagen malamai ne, kuma idan za ki tambaye su ki tafi da bayanin yadda aka yi ta, domin a kansa amsar za ta tsaya.

Sauran wasiƙun, har da ta mai tambaya a kan shayin Sin, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.